Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Yoyo

Ya 'yan'uwana ɗalibai, da ku samarin ma'aikata da kuka bar wannan makaranta jiya jiya kuka hau kujerun ofis, ina neman aron kunnuwanku a kan wata magana wadda na san da yawa daga cikinku za su ce ƙarama ce. Maganar fili ce, da bango, da lambatu, da hanyar da ruwan sama zai bi. To, amma wanda ya taɓa kwana yana jiran katafila ya san babu maganar da ta fi ta girma.

Asalinmu mutanen Gidan Goga ne, cikin ƙasar Maradun. Da 'yan bindiga suka hana mu noma, suka hana mu barci, mahaifina ya sayar da shanun huɗarsa guda biyu, ya kwashe mu muka koma bayan wani gari daga cikin manyan garuruwan yankinmu. Nan ya sayi ɗan fili a hannun wani dillali, da shaidu, da 'yar takarda mai sa hannu, ya tayar da ɗaki uku na ƙasa. A hutun da ya wuce na isa gida na tarar da jan fenti a jikin bangonmu, haka kuma a bangon maƙwabtanmu har ƙarshen layi. Na tambayi mahaifina ko mene ne wannan. Ya ce, "Ɗan nan, waɗansu ne suka zo da mota, suka shafa, suka tafi. An ce hanya za ta bi ta nan. Ai kai ne ka yi boko, sai ka gaya mini."

Ban sami abin gaya masa ba. Amma mutanen layin ba su jira ɗan boko ba. Sun riga sun fara taruwa a gindin tsamiya kowace Jumma'a bayan la'asar: da malamin firamare, da mai faci, da mai shayi, da tsofaffin manoma, har da wata gwauruwa mai tuyar ƙosai wadda ta fi kowa baki. Sun sayi littafi, sun rubuta sunan kowane mai gida, da shekarar da ya zo, da wanda ya sayar masa. Sun zaɓi mutum biyar su je su tambayi abu uku kawai: ina hanyar za ta bi, yaushe, kuma ina za mu koma? Da suka je wani ofis, dattijon da ya shugabance su ya cire hula ya ce, "Ranka ya daɗe, taswirar muka zo a nuna mana." Wani saurayin ma'aikaci, wanda bai fi ni da shekara biyar ba, ya amsa masa, "Baba, ko an nuna muku me za ku gane? Wa ma ya ce ku kafa ƙungiya?"

Wannan tambaya ita ce dalilin wannan rubutu. Kuma da na dawo makaranta na ba wani abokina labari, sai ya yi dariya ya ce ai ma'aikacin ya yi gaskiya, tsarin gari ilmi ne, ba aikin masu ƙosai ba ne. To, ga shi nan zan amsa musu su biyun, kuma ba da bakina kaɗai ba, da bakin tarihin ƙasar da aka haife ni.

Bakolori

Duk wanda ya fito daga Talata Mafara, ko Bakura, ko Maradun, in ya ce bai san abin da ke faruwa ba sa'ad da aka zana wa mutane makomarsu a kan takarda ba tare da an tambaye su ba, to, ko dai bai zauna da kakanninsa ba, ko kuwa ya toshe kunnensa da gangan.

A 1969 masana na Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka ba da shawarar a yi madaidaiciyar madatsar ruwa a kan Gulbin Sakkwato. Da kuɗin man fetur ya zo, sai madaidaici ya daina gamsar da manya. Aka kafa hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima a 1973, aka ba kamfanin Impresit na ƙasar Italiya, mai alaƙa da Fiat, kwangila. Tsakanin 1974 da 1978 aka gina madatsar Bakolori, mai tsawon fiye da kilomita 5, mai ɗaukar ruwa mita miliyan 450 na murabba'in zurfi, tafkinta kuwa ya shanye ƙasa kimanin hekta 8,000. Aka ce za a shayar da hekta 30,000, a noma alkama da shinkafa, a ciyar da Nijeriya.

A kan takarda abin gwanin kyau. A ƙasa fa? Mutane wajen 13,000 ruwa ya tasa daga gidajensu da fadamunsu. Aka sake musu matsuguni a wurare irin su Sabuwar Maradun, aka ɗauke manomin da ya gaji fadama mai ba shi amfani rani da damina aka ɗora shi a kan tudu mai tsakuwa. Waɗanda ke ƙasa da madatsa kuwa, inda za a yi noman ban ruwa, sai aka shigo musu da katafiloli aka baje gonaki, aka tumɓuke ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da kuka, aka shafe iyakokin da kowa ya sani tun kaka da kakanni. Waɗansu suka yi damina biyu, waɗansu uku, ba su jefa iri a ƙasa ba, suna jiran injiniya ya gama. Diyya kuwa ta zama abin da Hausawa ke kira gafara sa, ba a ga ƙaho ba: wani an rubuta sunansa ba a biya shi ba, wani ba a ma rubuta ba, wani kuwa wanda bai mallaki ko kunya ɗaya ba ya karɓa. Can gaba kuma, mutanen da ke bakin gulbi har zuwa wajen Sakkwato suka ga ambaliyar da ke kawo musu taki kowace shekara ta ragu, masu shinkafa suka koma gero da dawa, masunta suka rataye komarsu.

To, me talakawan Bakolori suka yi? Sun yi daidai abin da mutanen layinmu ke yi yau. Sun taru, sun naɗa wakilai, sun kai kuka wurin hakimai, sun rubuta takardu, waɗansunsu har kotu. Da aka mai da su ba kowa ba, suka tare hanyoyin aikin, suka hana motocin kamfani wucewa. A ƙarshen 1979 Gwamna Shehu Kangiwa ya yi musu alkawarin za a share musu hawaye. A ƙarshen watan Afrilu na 1980, a zamanin mulkin farar hula na Shugaba Shehu Shagari, aka aika musu da 'yan sandan kwantar da tarzoma. Aka buɗe wuta a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye, aka ƙone gidaje da rumbuna. Hukuma ta ce waɗanda suka mutu ba su kai talatin ba; waɗanda suka bi diddigi suka ce sun haura 380. Malamai irin su marigayi Dokta Yusufu Bala Usman da Bjorn Beckman na Jami'ar Ahmadu Bello sun rubuta wannan al'amari domin kada a binne shi tare da gawarwakin.

Ina so abokina mai dariya ya tsaya a nan ya yi tunani. A Bakolori su wane ne masu ilmi? Injiniyoyi ne, da safiyoyi, da masana tattalin arziki, baƙi da 'yan gida, masu digiri a kan digiri. Su wane ne jahilai? Manoma. To, da aka gama, wa ya yi gaskiya? Hekta 30,000 ɗin ba ta cika ba, aka tsaya a wajen 23,000, sa'an nan mafi yawan na'urorin yayyafin da aka kafa suka lalace ba da daɗewa ba, magudanai suka cushe. Yau a jami'o'in duniya ana koyar da Bakolori a matsayin misalin yadda bai kamata a yi aikin raya ƙasa ba. Manomin da ya ce tudun nan ba zai ciyar da iyalinsa ba bai karanta ilmin ƙasa ba, amma ya fi taswira sanin ƙasar.

Dokar da muka gada

Wani zai ce wannan tsohon zance ne. Lalle tsoho ne, amma dokar da ta ba da ƙofar yinsa tana nan daram, kuma ita ce za ku riƙa aiki da ita ranar da kuka zauna a ofis. Saboda haka ya kamata mu san asalinta.

Tun 1910 Turawan mulkin mallaka suka yi shelar cewa ƙasar Arewa duka tana ƙarƙashin ikon Gwamna. A 1917 suka yi dokar tsarin garuruwa, wadda a ƙarƙashinta aka keɓe wa Bature unguwarsa, aka bar fili na yadi 440 tsakaninsa da baƙar fata, wai don kada sauronmu ya cije shi. Watau tun ran gini, tsarin gari a ƙasar nan an haife shi ne domin a kare mai iko daga talaka. Da Bature ya tafi, muka shiga gidansa, muka gaji alƙalaminsa, muka gaji har da irin kallon da yake yi wa mutanen cikin gari. Dokar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 ta ɗora a kan wannan harsashi. Sa'an nan a watan Maris na 1978, shekarar da aka gama bangon Bakolori, gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, aka kuma cusa ta cikin tsarin mulki na 1979 da na 1999 yadda gyara ta sai an gyara tsarin mulkin kansa.

Me dokar ta ce? Sashe na 1 ya danƙa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna, a matsayin amana domin amfanin dukan 'yan Nijeriya. Ku riƙe kalmar nan, amana. Gwamna ne ke shata inda ake kira birni, ya riƙe ikonsa; sauran ƙasa kuwa tana hannun ƙaramar hukuma. Sashe na 28 ya ba shi ikon soke haƙƙin mutum a kan fili domin maslahar jama'a. Sashe na 29 ya ce diyya ta abin da ka ɗora a kan ƙasa ce, gini ko shuka, ba ta ƙasar kanta ba. Watau mahaifina, wanda ya sayar da shanunsa ya sayi fili, abin da za a auna masa shi ne bangon ƙasa da kwanon rufi. Sashe na 33 kuwa ya ce ana iya sake wa mai gida matsuguni maimakon kuɗi, amma in sabon wurin ya fi tsohon daraja, bambancin ya zama bashi a wuyansa. A rushe maka gida, a kuma bi ka bashi!

Dokar ta kafa kwamitin da zai ba Gwamna shawara a kan rabon filaye, da sake wa waɗanda aka tasa matsuguni, da sasanta gardamar diyya. Ta wajabta a sa masana harkar filaye da lauya a cikinsa. Ba ta wajabta a sa ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda za a tasa ba. Ga ramin nan, kuma ramin nan ne ƙungiyar mazauna unguwa ke ƙoƙarin cikewa. A 1992 an yi dokar tsara birane ta tarayya wadda ta tanadi a baje daftarin tsari a fili mutane su kawo ƙorafi, amma a 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar Jihar Legas da Gwamnatin Tarayya, ta yanke cewa tsara gari hurumin jiha ne. Ma'anar wannan a gare mu ita ce babu mai laɓewa a bayan Abuja. Abin da za a yi da unguwannin Mafara da Bakura da Maradun, a Gusau ake yanke shi da sakatariyoyin ƙananan hukumominmu.

Halin da ake ciki

An ƙirƙiro Jihar Zamfara ran 1 ga Oktoba 1996. Daga 1999 zuwa 2023, cikin shekara 24, shekara 20 'ya'yan waɗannan ƙananan hukumomi uku ne ke kan kujerar Gwamna: Ahmad Sani Yariman Bakura daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara daga 2011 zuwa 2019, Bello Matawalle na Maradun daga 2019 zuwa 2023. Ban kawo wannan don in zagi kowa ba. Na kawo shi ne don in kashe bakin masu ce mana mu yi shiru mu jira namu ya hau. Namu ya hau har sau uku. In da samun ɗan gida a sama yana isa ya tsara unguwa, da garuruwanmu sun fi ko'ina tsari. Abin da ke tsara unguwa shi ne mazaunanta su zama masu murya a kowane zamani, ko wa ke mulki.

A cikin waɗannan shekaru kuwa garuruwan sun kumbura. Rashin tsaro ya kwashe ƙauyuka ya zuba su a bakin gari. A watan Mayu na 2018 an kashe mutane da dama a gundumarmu ta Gidan Goga. A watan Fabrairu na 2021 aka sace 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a ƙasar Mafara. A watan Agusta na wannan shekara aka auka wa kwalejin aikin gona ta Bakura. A farkon Satumba aka kwashe ɗalibai daga makarantar Kaya a ƙasar Maradun. Bayan kowane hari, iyalai kan ɗaure kaya su nufi inda suke zaton akwai soja ko ɗan sanda. A Talata Mafara kuma ga Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau, ga jami'ar jiha da aka kafa a 2018, ɗalibai da ma'aikata duk suna neman ɗakin haya.

Inda buƙata ta yi yawa, hukuma kuma ta yi barci, dillali ne ke zama safiyo. Shi ke yanka gona da igiya da turke, ya bar lungun da amalanke ba za ta wuce ba, ya sayar da hanyar ruwa, ya sayar da kududdufin da ke shanye ruwan unguwa, ya sayar da burtalin da shanu ke bi, ya sayar da fili ɗaya ga mutum biyu. Ba ya barin wurin makaranta, ba ya barin wurin asibiti, maƙabarta ma sai an yi da gaske. Duk wannan ana yin sa da rana tsaka, ba wanda ya ce uffan. Sai bayan talaka ya zuba guminsa ya yi rufi, sa'an nan mota ta zo da jan fenti. Ina hukuma take ranar da ake yanka gonar? In laifi ne gini a wurin, me ya sa mai saye kaɗai ke shan hukunci, mai sayarwa da mai sa hannu suna yawo da babbar riga?

Amsa ga masu suka

Masu ƙyamar ƙungiyoyin unguwa suna da hujjoji huɗu, kuma zan bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, sun ce mutanen nan ba su san tsarin gari ba. Gaskiya ne mai ƙosai ba ta iya lissafin faɗin kwalbati ba, kuma ba wanda ya ce a ba ta na'urar awo. Amma ta san inda ruwa ke kwanciya a watan Agusta, ta san lungun da mai naƙuda ba ta iya fita da dare, ta san bishiyar da yara ke karatu a gindinta. Injiniya yana zuwa sau ɗaya, da rani, cikin mota. Ilminsa da nata in an haɗa su ne ake samun tsari. In an raba su, Bakolori ake samu.

Na biyu, sun ce siyasa ce, 'yan adawa ne ke zuga su. Haka aka ce da manoman Bakolori a 1980. Wannan tsohuwar dabara ce: a ba kare mummunan suna don a rataye shi. Mutumin da aka shafa wa jan fenti a bango ba ya bukatar ɗan siyasa ya gaya masa yana cikin damuwa.

Na uku, sun ce 'yan gudun hijira baƙi ne, gobe za su koma ƙauyukansu, don me za a yi tsari da su? Allah Ya sa mu koma, babu wanda ya fi mu so. Amma ƙannena biyu a bakin garin nan suka fara makaranta, ba su san hanyar gonarmu ba. Wanda ya shekara biyar a wuri, ya binne mahaifiyarsa a wurin, ya aurar da 'yarsa a wurin, har yaushe zai zama baƙo? Unguwar da aka ƙi tsarawa yau don wai ta wucin gadi ce, ita ce gobe za a kira ƙazamar unguwa a aika mata da katafila. Haka aka yi wa Maroko a Legas a watan Yuli na 1990, a zamanin Gwamna Raji Rasaki, inda aka ba mutane wajen 300,000 wa'adin kwana bakwai, yau kuwa gidajen masu hannu da shuni ne a wurin.

Na huɗu, sun ce doka ta ba Gwamna ƙasa, saboda haka babu abin tattaunawa. Na riga na nuna muku kalmar da dokar ta yi amfani da ita. Amana aka ba shi. A addininmu da al'adarmu, wanda aka ba ajiya ba ya fushi don mai kaya ya tambaye shi lafiyar kayansa.

Ga kuma wani abin mamaki. Sa'ad da aka tashi gyaran Bakolori da rancen Bankin Duniya a ƙarƙashin shirin da aka amince da shi a 2014, ɗaya daga cikin ginshiƙan shirin shi ne ƙarfafa ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa, su riƙa kula da magudanai da rabon ruwa da kansu. Watau bayan fiye da shekara talatin, da jinin da aka zubar, hukuma ta yarda da bakinta cewa magudanar ruwa ba ta tafiya sai da ƙungiyar masu amfani da ita. To, in magudanar gona tana bukatar ƙungiya, ta yaya unguwar da mutane ke kwana a ciki ba ta bukata?

Gyara kayanka

Kada a ɗauka ina cewa duk ƙungiyar unguwa tsarkakakkiya ce. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Na ga haɗari uku, kuma na faɗe su a gindin tsamiyar nan kafin in faɗe su a nan.

Akwai haɗarin masu gida su mai da ƙungiya tasu su kaɗai, su manta da ɗan haya, alhali kuwa in an rushe gida mai shi yana iya samun 'yar diyya, ɗan haya kuwa sai dai ya ɗauki tabarmarsa. Akwai haɗarin 'yan gari su haɗa kai a kan baƙi, ƙungiya ta zama sandar korar 'yan gudun hijira, ko ta korar maƙwabci don Bafulatani ne, ko ta toshe burtali. Wanda aka kora daga Gidan Goga, in ya zama mai korar wani, to, bai koyi kome daga wahalarsa ba. Akwai kuma haɗarin da ya fi kowanne sauri: a kira shugaban ƙungiya gefe a ba shi fuloti biyu a sabon awo, washegari ya dawo yana ce wa mutane su yi haƙuri. Maganin wannan shi ne littafi a buɗe, kuɗi a lissafa a gaban kowa, shugabanci na wa'adi, wakili kada ya shiga ofis shi kaɗai, mata kuma su sami kujera ta gaske, domin su ne ke yini a unguwa, su ne ke kwashe ruwa in ya shigo ɗaki.

Abin da muke nema

Ba mu ce kada a yi hanya ba. Mu ma muna son hanya. Mu ne ke ɗaukar marasa lafiya a kafaɗa zuwa bakin titi. Abin da muke nema bai fi ƙarfin kowace ƙaramar hukuma ba.

A manna taswirar kowane sabon awo da kowace sabuwar hanya a sakatariya da ƙofar hakimi, a yi bayaninta da Hausa, a boko da ajami, a kuma yi shela a masallatan Jumma'a da ranar kasuwa, a ba mutane lokaci su kawo ƙorafi kafin a kafa turke ɗaya. Kada a shafa fenti a bangon kowa sai an ba shi takarda a hannunsa mai ɗauke da dalili da rana da sunan ofishin da zai kai kuka. A sa wakilan mazauna, mace da namiji, mai gida da ɗan haya, cikin kwamitocin rabon filaye na ƙananan hukumomi. A biya diyya kafin rushewa, a kuma karanta jerin sunayen masu karɓa a bainar jama'a, don kada a maimaita abin da ya faru a Bakolori. A keɓe filaye masu araha, da awo na gaskiya da rijiyar burtsatse da wurin makaranta, domin iyalan da rashin tsaro ya koro. A ƙarshe, a hukunta mai sayar da hanyar ruwa da mai sa masa hannu kafin a taɓa wanda ya saya.

Gare ku, 'yan'uwa

Mu ɗalibai mun iya zanga-zanga in an ƙara kuɗin makaranta ko an ɗauke ruwa a ɗakunan kwana, kuma muna da gaskiya. Amma wa ya biya kuɗin da aka gina wannan jami'a? Iyayenmu ne, masu gindin tsamiya. Mai karatun lauya a cikinmu zai iya fassara musu sashe na 28 da na 29 cikin yini ɗaya. Mai karatun safiyo ko labarin ƙasa zai iya zana musu taswirar unguwarsu a hutu guda. Mai karatun tarihi ya ɗauki littafi ya zauna da tsofaffin Birnin Tudu da Maradun tun suna da rai, domin kowace shekara suna raguwa. Ina kira ga ƙungiyar ɗalibai da ƙungiyoyin ɗaliban ƙananan hukumominmu su ɗauki wannan a matsayin aikin hutu, maimakon liyafar karrama manya da muka saba.

Kai kuma saurayin ma'aikaci, wanda watakila wannan mujalla za ta faɗo hannunka, ban riƙe ka da ƙiyayya ba. An koya maka ne cewa fayil sirri ne, talaka kuwa matsala ne. Amma ka tuna, waɗanda suka zana Bakolori ma samari ne masu takardu, masu kyakkyawar niyya da yawansu, waɗanda suka ga tsayawa sauraron manomi ɓata lokaci ne. In dattijo ya sake zuwa ya cire hula ya ce a nuna masa taswira, ka ba shi kujera, ka shimfiɗa masa ita, ka juya ta yadda gabas za ta dubi gabas. Za ka sha mamakin abin da zai nuna maka a ciki.

Har ranar da na baro gida jan fentin yana nan a bangonmu, mutanen layinmu kuma suna nan suna taruwa kowace Jumma'a. Mahaifina ya ce in na dawo hutu in zo masa da amsa. Allah Ya ba mu ikon zama 'yan bokon da iyayensu ba za su yi da-na-sanin sayar da shanu don karatunsu ba, amin.